Takwaran Usta Bayyumi

A duk unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a garin Fakus babu wanda ya kai Usta Bayyumi tsoron hukuma, kuma babu wanda ya kai shi yawan kwana a hannunta. Shagona na aski manne yake da nasa, bango ɗaya ya raba mu shekara talatin da ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Sana'arsa katifa. Idan ana shirin kai amarya a ƙauyukan da ke kewaye da mu, shi ake aika wa. Sai ya saɓa bakan shiɓarsa ya tafi, ya zauna a tsakar gida yana bugun auduga, mata suna guɗa a kansa, ya ɗinka katifu da matasai, a ba shi abincin rana, ya dawo kafin magariba. Gajere ne siriri, kullum da auduga a girarsa da gashin bakinsa, kuma ba ya gama jimla biyu bai yi atishawa ba. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ko mai karanta mitar wuta ne ya shigo layin da hula mai baki, Usta miƙewa yake tsaye har sai ya wuce.

Yana da shekara arba'in da ɗaya abin ya fara. Ranar wata Talata ya hau ƙaramar bas zai je wani ƙauye aiki, suka tarar da shingen 'yan sanda a kan gada. Aka karɓi katin shaidar kowa. Hafsan ya duba wani dogon littafi, ya ɗaga kai.

"Wane ne Bayyumi Abdulgawad Bayyumi?"

Usta ya ɗaga hannu da murmushi, a zatonsa wani ne ya yaba aikinsa.

"Sauko."

A wurin ya ji cewa wata kotu ta yanke masa ɗaurin wata shida a bayan idonsa, saboda ya tuƙa babbar mota ba lasisi, ya banke ɓaunar wani manomi, ya gudu. Mutumin da ko keke bai iya hawa ba.

Da labari ya iso, na rufe shago na raka matarsa, Fatahiyya, wadda muke kira Ummu Rida saboda ɗansu Rida, zuwa caji ofis. Ita mace ce mai jiki da murya, ita ke riƙe da gidan da mijin gaba ɗaya. Ta dubi sajan ɗin da ke kan tebur ta ce, "Ɗana, wannan mutumin in jaki ya yi sauri da shi salati yake yi. Wace mota kuma?"

"Uwa, ni ba ruwana da jaki. Ga suna, ga sunan uba, ga na kaka. Duka uku sun faɗa."

Kwana uku ya yi a ciki. Wani lauya mai ofis a saman kantin magani, Ustaz Nagi, shi ya je ya tono takardun shari'ar, ya gano cewa mai laifin sunan uwarsa Sakina, namu kuwa Nabawiyya ce ta haife shi, kuma akwai shekara shida a tsakaninsu. Aka ba Usta wata takarda mai hatimin mikiya, wadda ta ce shi ba shi ba ne. Ya sumbace ta ya ɗora a goshi. Muka yi murna, Ummu Rida ta yanka zomo ta yi miyar lalo.

Ana cikin ci Ustaz Nagi ya goge baki ya ce, "Amma ku sani, wannan takardar ta ɓauna ce kawai."

"Kamar yaya ta ɓauna?"

"Ta wanke shi daga wannan shari'ar. In wata ta fito, ita ma sai an nemo tata."

Usta ya yi dariya ya ce, "Haba Ustaz, ɓauna nawa mutum ɗaya zai banke?"

Ɓauna dai ɗaya ce. Amma bayan wata bakwai aka sake sauke shi a kan gadar nan, wai ya fasa kan surukinsa da kujera a wurin biki. Shekara ta kewayo, wai ya ɗora bene a kan gida ba izini. Sai sayar da cuku da ya lalace. Sai satar wuta daga turken gwamnati. Sai zagin ma'aikaci a bakin aikinsa, wanda shi ne ya fi yi wa Usta ciwo, don da ya ji sai da ya yi hawaye. Kowane laifi da kwanakinsa a ɗakin tsaro, kowanne da hawa bene da saukowa, da layi a gaban tagar da mai ita ya tafi salla tun hantsi, kowanne kuma da takardarsa. Da suka yi yawa sai ya ɗinka musu jaka da ragowar yadin katifa mai ratsi, ya riƙa ɗaura ta a ciki ƙarƙashin jallabiya. Kafin ya fita Ummu Rida takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Abu Rida, ka ɗauki laifukanka?" Ya dafa ciki ya ce, "Suna nan."

Sannu a hankali ya san doka fiye da rabin lauyoyin garin. Yana cikin yi wa matashin kai awo zai gaya maka bambancin hukuncin da aka yi a gaban mutum da wanda aka yi a bayansa, da kwana nawa ake da shi kafin ƙofar ɗaukaka ƙara ta rufe. 'Yan sandan yankin ma duk sun san shi. Sun san ba shi ake nema ba, amma hakan bai hana komai ba. Idan wata ya zo ƙarshe, babba zai zo daga hedikwata, kuma adadin waɗanda aka kama bai cika ba, sai ka ga kurtu ya leƙo shagon da ladabi.

"Usta, barka da aiki. Shugabanmu Basha ya ce in ba damuwa ka zo ka ɗan zauna mana zuwa la'asar."

"Wanne ne wannan karon?"

"Ko wanne ka ga dama, Usta. Ya ce ka taho da allura, kujerarsa ta lotse."

Haka zai tafi, a rubuta an kama gawurtaccen mai laifin da ake nema a shari'a shida, ya cika wa Basha kujera da auduga, a kawo masa shayi, bayan la'asar a gano kuskure a sallame shi. Na taɓa ce masa, "Usta, wannan ai wulaƙanci ne." Ya ce, "Shahata, ka rufa mini asiri. Yanzu ma a kan benci suke ajiye ni, da a ƙasa nake zama."

A shekara ta takwas ne wata mata ta zo. Ina cikin yi wa wani gyaran fuska na ji hayaniya a ƙofar gidansu, na fita da reza a hannu. Doguwar mace ce da baƙin mayafi, tare da masinjan kotu mai riƙe da takarda. Masinjan ya karanta cewa Bayyumi Abdulgawad Bayyumi ya saki matarsa Atiyyat, ya bar ta da 'ya'ya uku, kotu ta ɗora masa ciyarwa bai ba da ko ƙwandala ba, don haka an zo a rubuta kayan ɗakinsa.

Duk layin aka juya ana kallon Ummu Rida. Ita kuwa sai ta riƙe ƙofa ta fashe da dariya har tana share ido.

"Shi? Ya yi aure a ɓoye? Mutumin da kankana ba ya saye sai ya dawo ya tambaye ni? Abu Rida, fito su gan ka."

Ya fito da auduga a ka. Atiyyat ta dube shi daga sama har ƙasa, wanda bai ɗauki lokaci ba.

"Wannan ba shi ba ne. Nawa ya yi biyun wannan a tsaye, ya yi ukunsa a kwance."

Masinjan ya ce shi bai zo auna kowa ba, an ba shi suna an ba shi adireshi. Mai ƙara da kanta ta rantse masa, ya ce rantsuwarta sai a gaban alƙali, ranar da aka sa. Ya shiga ya rubuta gado da kabad da fanka da katifa uku, yana yabon ɗinkin. Kafin ya gama, matan biyu sun zauna a kan tabarma suna gyaran shinkafa, Atiyyat tana ba da labarin wahalarta, Ummu Rida tana tsine wa Bayyumi Abdulgawad Bayyumi da kakanninsa, mijinta yana tsaye yana cewa amin.

Abin da ya karya masa zuciya ya zo bayan shekara uku. Wani ɗan garinmu ya buɗe masana'antar kujeru a ƙasar Urdun, ya aiko wa Usta takardar aiki na shekara biyu. Ya yi wata huɗu yana haɗa takardu, aka yi masa fasfo, abin da ya ba kowa mamaki. Ranar tafiya muka taru, aka yanka dinya biyu, aka yi koke-koke, na yi masa aski kyauta. Ya kwana a bas ya isa tashar jirgin ruwa, ya shiga layi da ɗaruruwan leburori. Da ya kai taga, ma'aikacin ya duba ya ce an hana shi fita ƙasa, kuma ko an bar shi can ma ba za su karɓe shi ba, don an taɓa koro shi daga can saboda faɗa a kasuwar kayan miya. Usta ya kwance jakar cikinsa ya baje takarda goma sha ɗaya a kan kanta. Mutumin ya duba su ɗaya bayan ɗaya, da gaske ya duba, sannan ya ce, "Baba, duka suna da kyau. Amma babu ta Urdun a ciki."

Kwana biyu da bankwana sai ga shi ya shigo layin da akwatinsa a ka. Mako guda bai buɗe shago ba. A rana ta takwas ya shigo wurina ya zauna a kujerar aski, ba don aski ba.

"Shahata, zan je in gan shi."

"Wa?"

"Ni. Ɗayan."

Atiyyat ta daɗe da gaya wa kotu inda tsohon mijinta yake zama, an rubuta, an sa a fayil. Mu ma ta gaya mana. Garin bai fi tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Muka tafi ranar Litinin, ranar hutun masu aski. Duk hanya Usta yana maimaita jawabin da ya ce ya yi shekara goma sha ɗaya yana shiryawa. Akwai Allah ya isa a ciki har sau huɗu.

Gidan shayin da aka kwatanta mana yana kallon caji ofis ɗin garin, titi kawai ya raba su. Muka tambayi mai shayin Bayyumi Abdulgawad, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Muka ce ƙato ne, yana da tabo a gira, ya taɓa tuƙa babbar mota.

"Au, Bulbul kuke nufi! Ga shi can."

Yana zaune a bakin titi, ya cika kujera ya zubo ta gefe, yana zuƙar shisha, suna wasa da wani kofur cikin kayan sarki. Da kofur ɗin ya tashi muka matsa. Usta ya tsaya a gabansa, ya buɗe baki, sai atishawa ta zo.

"Yarhamukallahu, Alhaji. Lafiya?"

"Ni ne Bayyumi Abdulgawad Bayyumi."

Ƙaton ya ajiye bututun shisha. Ya dube shi, ya dube ni, sai fuskarsa ta washe. Ya miƙe ya rungume Usta har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Ashe kai ne! Wallahi na daɗe ina cewa akwai wani waliyyi da ke tsaye mini. Shekara da shekaru ina jiran su zo, ba su zo ba. Kai, kawo shayi biyu, takwarana ya zo!"

A nan muka gane yadda abin yake. Tun yana yaro kowa Bulbul yake kiransa, 'yan sandan da yake shan shayi da su kullum ba wanda ya san sunansa na yanka. Katinsa kuwa ya ce yana cikin aljihun wata riga da ya bari a gidan Atiyyat. "Ni ban taɓa fita da shi ba. Takwara, mutum ya riƙa yawo da sunansa a aljihu, ai shi ya nema. Kai me ya sa kake nuna musu?"

"Tambaya suke yi."

"To ka ce ka manta mana!"

Usta ya dube shi kamar wanda aka ce ya tashi sama. Ya zaro jakar ya fara jera takardu a kan tebur, wai don mutumin ya ji kunya. Bulbul ya riƙa ɗauka yana sa ni in karanta masa, yana tafa hannu.

"Ɓaunar nan! Wallahi ita ta shigo gabana. Wannan fa? Cuku? Ƙarya suke, cukun lafiyarsa ƙalau, tsufa kawai ya yi. Kujerar kuwa gaskiya ne, kuma da ka san surukin nan nawa da ka riƙe mini shi."

Ya sa aka kawo gasassun tattabaru da shinkafa da gurasa mai zafi, ya rantse da saki uku sai mun ci, shi da ba shi da mata. Muka ci. Ina ta taka ƙafar Usta a ƙarƙashin tebur don ya fara jawabin nan, shi kuwa yana ta tsotsar ƙashi. Can Bulbul ya yi kukan ciwon baya, sai na ji Usta yana tambayarsa a kan me yake kwana, kuma yaushe rabon da a shiɓe audugar.

Da muka tashi tafiya na ja Usta gefe na ce, "Ga caji ofis can, taku ashirin. Ka shiga ka ce ga mutuminku."

Ya dubi ginin. Ya ce, "In na shiga za su tambayi sunana. Shi kuma ba shi da kati. Wa kake ganin zai kwana a ciki?"

Ya koma wurin ƙaton, ya gyara murya.

"Takwara, alfarma ɗaya nake roƙo. Ba zan ce ka daina ba, na ga ba za ka iya ba. Amma in za ka yi, ka riƙa sanar da ni tun da wuri, in san yadda zan tsara tafiye-tafiyena. Kuma ka ji tsoron Allah a kan yaran nan uku."

Bulbul ya dafa ƙirji ya ce ya ɗauki alkawari. Maganar yara bai cika ba, sai lokacin da ya ga dama. Amma ɗayar ya riƙe ta kamar salla. A lokacin shagona ne kawai ke da waya a layin, don haka ni nake karɓar saƙon.

"Mai aski, ka gaida mini takwara. Ka ce masa Alhamis akwai biki, kuma dangin tsohuwar matata za su zo. Ban yi niyyar komai ba, amma dai kada ya karɓi aikin nesa a watan gobe."

Wata rana kuma, "Ka ce masa na sayi babur. A'a, ba takardu. Ya dai sani."

Sai Usta ya gode, ya je wurin Ustaz Nagi tun kafin shari'a ta zauna, su fara shirya takardar wankewa. Sau biyu takardar tana riga hukuncin fitowa. Wani magatakarda har ya tambaye shi ko yana duba ne.

Haka suka yi shekara tara. Da aka kawo sabon kati mai lamba, da na'urori a shingaye, muka ce wahala ta ƙare. Ta ragu dai, amma tsofaffin shari'un an zuba su cikin na'urar da suna zalla, yadda suke a littafi, sai ya zama ana gano Usta cikin daƙiƙa ɗaya maimakon minti goma.

Ciwon suga ne ya kwantar da Bulbul. Usta ya je dubiya sau uku, ya kai masa katifa da ya yi da hannunsa, bai karɓi komai ba. Ummu Rida ta yi faɗa, ya ce mata, "Shi kaɗai ne a duk wannan lamarin ya taɓa ce mini sannu." Ranar da Bulbul ya rasu mun je jana'iza. Usta yana cikin sahu mai shela ya ɗauki lasifika ya ce a yi salla ga marigayi Bayyumi Abdulgawad Bayyumi. Mutanen garin suka shiga tambayar juna wane ne haka. Usta ya yi kuka sosai, ban san wanne daga cikin Bayyumin biyu yake yi wa ba.

Ya karɓo takardar mutuwar ya zaga da ita kotu biyar, ana rufe shari'un ɗaya bayan ɗaya. A ta ƙarshe magatakardan ya dubi takardar, ya dubi katinsa, ya ce sai ya kawo shaidar cewa ba shi ne mamacin ba. Usta bai yi gardama ba. Ya san tagar, ya san ranar, ya kawo.

Lokacin ya haura sittin, gwiwoyi sun fara ƙi, amare kuma sun koma sayen katifar soso a kanti. 'Yarsa ta fari tana aure a Iskandariyya shekara bakwai, bai taɓa zuwa ba saboda yawan shingayen hanya. Wannan bazarar ya shirya, ya sa sabuwar jallabiya, ya tafi a mota don ya bi ta kowane shinge. Ya yi kwana goma ya dawo. Na tare shi a bakin layi ina tambayar 'yar da jikoki, na ga ransa a ɓace.

"Lafiya suke," ya ce. "Amma Shahata, ƙasar nan ta lalace. Shinge shida muka wuce a zuwa, shida a dawowa. Wani yaro ya karɓi katina, ya duba, ya miƙo mini ya ce Allah ya kiyaye hanya, Baba. Ko saukowa bai ce in yi ba. Haka ake aiki?"

Na ce ya shigo ya zauna, na ɗora masa shayi, ya ci gaba da mita har aka kira azahar.